Madarar gonar tsohon soja ta hanyar Dodowa: abin da mai wagashi da mai kindirmo za su tarar

Burkina, wato abin shan nan na gero da nono, yawancin wadda ake sayarwa a Nima, Mamobi da Madina da garin madara ake yin ta, domin Gana daga waje take shigo da mafi yawan madarar da take sha. Ba laifin masu sana'ar ba ne. Ɗanyar madarar shanu tana da wuyar samu a Accra, kuma wadda ake samu sau tari tana isowa ne a galan ɗin roba mai ruwan ɗorawa, ta sha rana a bayan babur, an kuma ɗan tsarga mata ruwa a hanya. Shi ya sa madarar da ke fitowa daga wata ƙaramar gona tsakanin Dodowa da Afienya ta cancanci a zauna a duba ta da kyau. Mai gonar dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin soja, matan da ke saye a wurinsa kuwa Baba kawai suke ce masa.

A filayen Accra al'adar da aka saba ita ce mai shanu yana birni, makiyayi yana ruga, madara kuma ta makiyayi ce a matsayin wani ɓangare na ladansa. A wannan gona ba haka abin yake ba. Mai shanun yana kwana kusa da garkensa, yana biyan makiyayansa albashi, madarar kuma tasa ce, shi ke amsa tambaya idan ta lalace. Garken haɗe yake: akwai Sanga, wadda ta fi jure sammore (ciwon da ƙudan tsando ke kawowa) da kaska amma da ƙyar take wuce lita 1 zuwa 2 a rana, akwai bunaji da bokolo kaɗan, sai wasu 'yan ruwa biyu da aka samu ta hanyar barbarar Sanga da Friesian, irin waɗanda aka sani a gonar gwamnati ta Amrahia. 'Yan ruwa biyun ne ke cika bokiti, shanun gida kuma su ne ke ba madarar maiƙo. Haɗa su wuri ɗaya dabara ce mai kyau, don madarar 'yan ruwa biyu zalla takan yi tsararo a wagashi, wato cukun madarar shanu.

Inda gonar ta yi wa saura fintinkau shi ne wajen tatsa, kuma nan ne alamar tarbiyyar bariki ta fi fitowa. Ana farawa kafin gari ya waye. Ba a cikin garke ake tatsa ba, inda kashin shanu ke zama ƙura da rani ya zama taɓo da damina. Akwai rumfa daban mai daɓen siminti da ake wankewa kowace rana. Ana sako ɗan maraƙi ya ɗan tsotsa don saniya ta sako nono, domin shanunmu masu tozo ba sa sakin madara sosai idan ba su ga ɗansu ba. Sai a janye shi, a wanke hantsa da ruwan ɗumi, a tsane ta da ƙyalle, kowace saniya da nata ƙyallen. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma ƙyalle ɗaya da ake zagayawa da shi kan shanu goma shi ne babbar hanyar da ciwon hantsa ke bi daga wannan zuwa waccan. Feshin farko biyu ko uku na kowane kan nono ana tatsa shi ne a cikin wani baƙin kofi. A kan baƙin ake ganin gudaji, ko zare-zare, ko ruwa-ruwa mai jini, kuma duk saniyar da aka ga haka a jikinta sai a bar ta zuwa ƙarshe, madararta ba ta shiga ta sayarwa. Mai tatsa ba ya tsoma yatsa cikin madara don jiƙa kan nono, wanda kusan kowace ruga ake yi. Dakashin saniyar da ta haihu kuwa na maraƙinta ne har kwana 5 zuwa 7, ba a haɗa shi da saura, domin yana sa madara ta tsinke a wuta.

Daga bokiti sai tacewa da farin ƙyalle da aka tafasa, sannan a zuba a tulun ƙarfe mai faɗin baki. Wanda bai taɓa yanka tsohon galan ɗin roba ya duba cikinsa ba ba zai gane darajar wannan tulu ba. Hannu ba ya shiga galan, maiƙo yana maƙalewa a kusurwoyi da ƙarƙashin mariƙi, kuma wannan ragowar ce ke zama tsamin da ke kashe sabuwar madara tun kafin ta iso Adenta. Tulun ƙarfe ana ɗauraye shi da ruwan sanyi tukuna, sannan ruwan zafi da sabulu, sannan a kife shi a rana. Idan aka fara da ruwan zafi, ragowar madarar dahuwa take yi ta manne a jiki.

Gwaji biyu sun isa mai saye ta san abin da aka kawo mata, kuma madarar gonar tana cin su duka a yawancin ranaku. Na farko shi ne na cokali: a ɗebi kaɗan a babban cokali a ɗora kan wuta. Idan ta tafasa sumul, lafiya lau. Idan ta dunƙule, ta riga ta fara tsami, kada a zuba ta a tukunyar wagashi. Na biyu shi ne ma'aunin kaurin madara, ɗan gilashin nan mai kama da ma'aunin zafi da ake sakawa ya yi iyo. Madara tsantsa tana nuna 28 zuwa 32. Ruwa kashi 10 cikin 100 yana sauke lambar da kusan 3. Sai dai a kula, an tsara yawancin ma'aunan ne a kan zafin digiri 20, don haka madarar da take da ɗumi kusan digiri 30 za ta nuna ƙasa da gaskiyarta da kamar 2. Mata da yawa sun zargi mai kawo musu madara da algus alhali ɗumin ne bai sauka ba.

A tukunyar wagashi ne gaskiyar madara ke fita duka. Ƙa'idar da aka sani ita ce lita 5 ta ba da kusan kilo 1, kuma madarar wannan gona tana cika wannan ma'auni, da rani ma takan ɗan haura saboda ta fi kauri. Ana ɗumama ta a hankali, a daka ganye da karan tumfafiya, a jiƙa a ɗan madara mai ɗumi, a tace a zuba. Wuta ƙasa-ƙasa har sai an ga gefen tukunya ya fara kamawa, ruwan ya ware ya koma ɗorawa-ɗorawa garau. Sannan a ƙara wuta gudajin su taso, a kwashe da ludayi cikin ƙananan kwanduna, a bar su su tsane da kansu ba dannawa. Da madarar da aka tsarga wa ruwa, mai yi takan ga abin bai kama ba sai ta ƙara tumfafiya, ƙarshenta wagashin ya yi ɗaci. Da wannan madarar ba a bukatar ƙari. Wagashin yana fitowa da laushi, yana riƙe jikinsa a mai idan ana suya, yana kuma karɓar jan karan dafi daidai.

Ga mai kindirmo da fura, a dafa ta kai digiri 85, a riƙe ta a nan minti 10 zuwa 15, a sauke ta huce zuwa 43, wato ɗumin da tsaftataccen yatsa zai jure a ƙirga goma. Cokali 2 na tsohon kindirmo mai kyau ga kowace lita, a rufe, a bar shi awa 5 zuwa 6 ba motsawa. Yana kamawa da ƙarfi, da fatar maiƙo a sama. Dalilin da ya sa yake kamawa kullum yana cikin wani littafi da ke rataye a rumfar tatsa. Duk saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ana rubuta ranar, a ɗaura mata jan igiya a ƙafa, a zubar da madararta har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika. Ragowar maganin a madara yana kashe ƙwayoyin da ke sa tsami, sai a wayi gari da ƙwarya cike da ruwa ba a san dalili ba. Zubar da madara asara ce ga mai shanu, kuma wanda ya yarda ya ɗauke ta don kada ta faɗa kan mai saye ya cancanci kuɗin da yake nema, ko da ya ɗara na kasuwar shanu ta Tulaku da ke Ashaiman.

Amma akwai gyara, kuma ba ƙarami ba ne. Gonar ba ta da tankin sanyaya madara. Madara tana fitowa daga hantsa da ɗumin jikin saniya, kuma a zafin Accra awa 3 zuwa 4 kawai take da shi kafin ta juya. Tatsar safe tana tsira idan motar ta wuce Madina kafin cunkoso. Ranar da aka makara, gwajin cokali yana nuna haka. Tatsar yamma kuwa a firiza take kwana, ranar da aka ɗauke wuta sai ta wayi gari da ɗan tsami, kuma wani lokaci ana haɗa ta da ta safe a tulu ɗaya. Wannan kuskure ne: madara mai ɗumi a kan mai sanyi tana tayar da ƙwayoyin da sanyi ya kwantar. Mai saye ta nemi a raba mata, ta safe don wagashi, ta yamma don kindirmo.

Matsala ta biyu ita ce rani. Daga Disamba zuwa Maris ciyawar fili tana bushewa, gobarar daji ta cinye saura, madara ta ragu sosai. Ana taimaka wa shanun da dusar alkama daga Tema, busasshen ɓawon rogo da gishirin lasa, amma ba a ajiye harawa da yawa tun damina, kuma nan ne ya kamata a ƙara himma. Wadda ta saba karɓar lita 20 tana iya samun rabinta a watan Fabrairu, wani lokaci ba tare da an sanar da ita tun dare ba.

Tsaftar gonar kuma ba ta ɗauke wa kowa tafasawa. Ɗanya ake kawo madarar, kuma tarin fuka da bakkale (ciwon da ke sa shanu ɓari) suna iya bi ta madarar saniyar da ido ke gani lafiya ƙalau. Digiri 63 na minti 30, ko a bar ta ta tafasa sosai, kafin yaro ko mai ciki su sha.

Wani abu da ba ya cikin tulu amma yana shafar abin da ke cikinsa: ranar da jami'an dabbobi suka zo rigakafin ciwon huhu, a shingen wannan gona makiyayan kewaye ke tara shanunsu, kuma famfon burtsatsen gonar a buɗe yake ga maƙwabta da rani. Shanun yanki ɗaya mashaya ɗaya suke zuwa, kaska da kirci ba su san iyakar gona ba, don haka lafiyar garken maƙwabci ita ma tana cikin ingancin madarar da ke isa Nima.

Ana yin oda tun yamma, a biya ta waya, a karɓa da safe a Madina ko Ashaiman. Wadda ke zaune can Fadama ko Sabon Zango ta tura mai karɓa da akwatin sanyi da ƙanƙara, ta kuma kai nata tulun, domin idan aka juye mata a galan ɗin roba a bakin titi duk wahalar da aka sha a rumfar tatsa ta tashi a banza. Da ta iso gida, tukunya ta riga ta hau wuta.