Kafin ruwan tirela ya daskare: me ya kamata ka fara saya?

Wanda aikin haƙar man fetur ya kai shi Williston a jihar Dakota ta Arewa, ko Fort McMurray a lardin Alberta na Kanada, ya san dalilin da ke sa ma'aikata kwana a tirela, wato ɗakin kwana mai tayoyi da mota ke ja. Haya tana da tsada, wurin aiki kuma yana da nisa da gari. Sai dai yawancin tirelolin kwana don yawon shaƙatawa na lokacin zafi aka ƙera su. Bangonsu siriri ne, bututun ruwa da tankuna kuma a ƙarƙashi suke, inda iska ke wucewa yadda ta ga dama. A waɗannan wurare sanyin Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ya zarce. Ruwa kuwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Bututun roba na PEX da ake sa wa tirelolin yanzu yana ɗan buɗewa ya jure, amma mahaɗansa, da injin tura ruwa, da bawul ɗin bayan gida, da kwanon tace ruwa, ba sa jurewa. Su ne ke tsagewa, kuma ba za ka gane ba sai ranar da ƙanƙarar ta narke ruwa ya malale ƙarƙashin gado. Ga mai alwala sau biyar a yini, rashin ruwa a famfo da asuba ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: a cikin tirelar za ka yi hunturu, ko ajiye ta za ka yi?

Idan ajiyewa ne, aikinka mai sauƙi ne kuma mai araha. Ko dai ka hure bututun da kwamfaresa, ko ka cika su da ruwan hana daskarewa. Hurewar tana buƙatar ɗan ƙaramin kai da ake ɗaurawa a mashigar ruwa, sannan a saita iskar kada ƙarfinta ya wuce PSI 40 zuwa 50 a ma'aunin kwamfaresar, a buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya har ya daina tofi. Matsalarta ita ce iska ba ta kwashe komai. Ɗan ruwan da ya rage yakan gangara ya taru a lanƙwasa. Shi ya sa a ƙasa mai tsananin sanyi na fi yarda da a hure ɗin sannan a bi da ruwan hana daskarewa, mai launin hoda, wanda aka yi musamman don tirela da jirgin ruwa. Galan 2 zuwa 3 yakan ishi yawancin tireloli, muddin ka rufe hanyar shiga tankin ruwan zafi ka zubar da abin da ke cikinsa, in ba haka ba shi kaɗai zai shanye galan 6. Ka duba jikin jarkar: akwai na furofilin gilaikol, akwai wanda aka haɗa da itanol. Na farkon ya ɗan fi tsada amma ba ya busar da robobin famfo, ba ya kuma barin wari sosai. Wanda ake zuba wa injin mota kuwa, mai etilin gilaikol, guba ne, kada ya kusanci bututun ruwan sha. Kar ka manta da zuba kaɗan a magudanar kicin da ta wanka da bayan gida.

Mai zama a ciki shi ne ke da zaɓi da yawa, kuma shi ne aka fi ci wa kuɗi. Abin da kowa ke fara nema shi ne tiyo mai ɗumama kansa, irin na Camco ko Pirit, wanda aka saka wa wayar lantarki tun daga masana'anta. Yana aiki, ba na musu. Akwai wanda aka rubuta yana jure digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Faranhait, akwai na digiri 40, kuma mai zama a Alberta ko Dakota na biyun ya kamata ya ɗauka. Amma tiyon tsakiyar hanya kawai yake karewa. Inda ruwa ya fi daskarewa shi ne bakin famfon sansani, wato filin da ake haya a ajiye tirela, da kuma mashigar ruwa a jikin tirela, wurare biyu na ƙarfe da ke tsaye a fili. Sai ka ga mutum ya sayi tiyo mai tsada, ya bar waɗannan tsirara, ya wayi gari babu ruwa yana zargin kamfani. Dole a naɗe su da soso, a rufe famfon da akwati ko bokiti mai abin riƙe ɗumi. A kuma sayi tiyon daidai tsawon da ake buƙata, don ba a yanke shi.

Wasu sukan haɗa nasu: tiyo na yau da kullum, a naɗe shi da takardar alminiyam, a shimfiɗa wayar ɗumama bututu a jikinsa, a rufe da soso. Ya fi araha, kuma wayar tana iya kaiwa har kan famfon. Amma wayar iri biyu ce. Mai zafi ɗaya tana da ɗan ma'auni da ke kunna ta idan sanyi ya kai wajen digiri 3 a ma'aunin Salsiyas, kuma ba a yarda ta hau kan kanta ba, don inda ta haɗu yakan ƙone. Wasu masu ƙera ta ma sun rubuta ƙarara cewa kada a sa ta a tiyo mai laushi. Ɗayar tana daidaita zafinta da kanta, ta fi tsada, ta fi aminci. A nan araha ba ta ado. Kowacce ka ɗauka, soket mai kariyar GFCI za ka jona ta, wato wanda ke yanke wuta da kansa idan ta fara zurarewa.

Akwai hanya ta uku da ba ta cin ko dala ɗaya: ka cika tankin tirela da rana, ka cire tiyon, ka zazzage shi, ka shigar da shi ciki. Injin tura ruwa ya yi sauran aikin. Idan tankinka yana wurin da ɗumi ke kaiwa, wannan ya fi kowace tiyo kwanciyar hankali, wahalarsa kawai fita cikin sanyi duk bayan 'yan kwanaki.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, siket zan saya, wato shingen da ake kewaye ƙasan tirela da shi daga jikinta har ƙasa. Iskar da ke kaɗawa ta ƙarƙashi ita ce ke kwashe ɗumin dabe da na tankuna, kuma duk wayar da ka naɗa, da ita take kokawa. Da zarar an toshe ta, wurin ya zama kamar ɗan ɗaki, ɗumin da ke sauka daga tirela da wanda ƙasa ke fitarwa su zauna a ciki. Siket na leda mai kauri da ake ɗinkawa daidai tirela ya fi kyan gani, ana naɗe shi a tafi da shi, amma shi ne mafi tsada, kuma leda iska take tarewa, ba ta riƙe ɗumi sosai. Allunan soso masu tauri na gini, kauri inci 1 zuwa 2, sun fi riƙe ɗumi kuma sun fi araha. Wuƙa ce ke yanka su, a haɗa bakinsu da tef na alminiyam, a tokare su da katako ta ciki don kada iska ta ɗauke, a bar ƙaramar ƙofa daidai bawul ɗin tankuna. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, a tara ta a gindinsu, ita ma kariya ce. Ka dai tambayi mai sansanin tukuna, don wasu ba sa yarda da allunan saboda kyan wuri. Dammunan ciyawa da wasu ke jerawa kuwa ka rabu da su: suna jawo ɓeraye, suna riƙe danshi, kuma wuta ba ta yi musu wuya.

Ɗumama cikin tirela ma yana da tarko. A sansani da yawa kuɗin lantarki yana cikin haya, sai mutum ya kashe hitar gas ta tirela ya kunna ƙaramar hitar lantarki. Ɗaki ya yi ɗumi, bututun ƙasa su daskare, domin a tirelolin da aka rufe wa ƙarƙashi, hitar gas ɗin ce ke tura iska mai ɗumi zuwa wurin tankuna. Gas ɗin kuwa yana tafiya da sauri. Hita mai ƙarfin BTU 30,000 (ma'aunin zafin da take bayarwa) tana cin wajen sulusin galan a awa ɗaya tana ci, tukunya mai fam 30 kuma galan 7 take ɗauka, ke nan awa 21 na ci ba tsayawa. A tsakiyar Janairu kwanaki kaɗan ne. Mai dogon zama gara ya yi hayar babbar tukunya daga masu sayar da gas, su riƙa zuwa suna cikawa. Hitar lantarki ta zama mataimakiya, ka kuma tuna cewa mai wat 1,500 tana jan amfiya 12.5 daga cikin 30 da yawancin ƙananan tireloli ke da su. Ka bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin famfo a buɗe, kuma kada ka kwana ba tare da na'urar gano hayaƙin kabon monoksaid mai aiki ba.

Faifan ɗumama tanki, irin na UltraHeat, da ake mannawa a ƙasan tankuna, yana da amfani idan tankunanka a fili suke. Mai bolt 12 yana aiki ko ana tafiya amma yana shanye batir. Mai bolt 120 sai inda akwai wuta. Ba a kunna shi tanki babu ruwa. Bawul ɗin tankunan ƙazanta kuma a bar su rufe har su kusa cika, a zubar gaba ɗaya, don ruwan da ke ɗiga a hankali shi ne ke daskarewa ya toshe tiyon magudana.

Mai shirin sayen tirelar kanta kada tambarin cewa ta dace da kowane yanayi ya ruɗe shi, domin babu wani mizani ɗaya da ya ɗaure kamfanoni a kan wannan. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga ko an rufe, ya tambaya ko bututun hita yana shiga wurin, ya duba ko bawul ɗin suna ciki ko a waje suke rataye.

Idan kuwa ruwan ya riga ya daskare, abin da za ka nema shi ne na'urar busar da gashi. Kashe injin tura ruwa, buɗe famfo, ka fara ɗumamawa daga bakin famfon kana komawa baya, don ruwan da ya narke ya sami hanyar fita. Kada ka kawo harshen wuta kusa da bututun roba da layin gas. Bayan ruwa ya dawo, rufe duk famfuna ka kunna injin ka saurara. Idan yana tashi da kansa lokaci zuwa lokaci alhali ba wanda ya buɗe ruwa, akwai inda ya tsage, sai ka bi mahaɗai da tocila har ka gano wurin.