Gyaran Furuci: Manhaja, Littafi ko Malami, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda aka taɓa ce masa "me ka ce?" sau uku a jere ya san zafin abin. Daga nan sai mutum ya shiga neman abin da zai saya ya gyara bakinsa. Kafin ka zaro kuɗi, fara gano inda maganar take lalacewa, domin kowane kaya da ake tallatawa wuri guda yake gyarawa.

Iska daga huhu take tasowa, ta ratsa tantanin maƙwallato, sannan leɓɓa, harshe, hanƙa (tudun bayan haƙoran sama), ganɗa (rufin baki mai tauri) da hanɗa (bayan rufin baki mai laushi) su tare ta ko su matse mata hanya. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja "sss", ka koma "zzz". Karkarwar da ka ji a na biyu ita ce ziza. Yanzu faɗi "baki" da "baƙi". Wurin furucin ɗaya ne, bayan harshe ya taɓa hanɗa, sai dai a ƙ maƙogwaro yakan rufe ya yi sama ya tunkuɗo iskar. Ɗan motsi ne da ido ba ya gani, ga shi ya sauya ma'ana gaba ɗaya.

Abu na farko, kuma wanda na fi ba da shawara a kai, yana aljihunka: na'urar ɗaukar murya ta waya, sai madubi. Muryar da kake ji lokacin da kake magana tana iso maka ta ƙasusuwan kai, shi ya sa take yi maka kauri da daɗi fiye da yadda mutane ke jin ta. Ɗauki kanka minti 2 kana karanta labari, ka saurara washegari. A nan mutane da yawa suke gane cewa harshensu lafiya lau yake, sauri ne kawai, ko haɗiye ƙarshen kalma, ko magana da haƙora a cije. Wannan ba ya buƙatar ko sisi. Raunin hanyar ɗaya ne: kunnen da bai taɓa rarrabe sauti biyu ba, ba zai kama kuskuren ba ko sau ɗari ya saurara.

Manhajojin waya irin su ELSA Speak suna sauraronka su ba ka maki nan take, kuma ba sa gajiya da maimaici. Amma ka lura, wannan an gina ta ne a kan Ingilishin Amurka. Idan harshen da kake son gogewa ke nan, ta yi. Idan kuwa so kake a riƙa jin ka sarai a harshenka na gado, ba aikinta ba ne. Yi amfani da kwanakin gwaji tukuna, ka kuma duba ko kuɗin shekara zai riƙa sabunta kansa. Mai son ganin muryarsa a zane akwai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Kyauta ce, sai dai tana son haƙurin koyo.

Littafi yana da amfani idan yana da zanen cikin baki da haruffan sauti na duniya, wato alamomin da ke nuna yadda ake furta kowane sauti, waɗanda aka fara fitarwa a 1888. Wanda ba ya zuwa da murya da za a saurara, bar shi a kan kanta.

Malami shi ya fi tsada, shi ne kuma kaɗai zai ce maka "ɗaga kan harshenka kaɗan" a daidai lokacin da ka kauce. Kafin ka biya, nemi zama ɗaya na gwaji. Idan ya saurare ka ya lissafa maka sautuka biyu ko uku da za ku fara da su, ka samu. Idan ya ɗora ka a kan darasin da yake ba kowa, ko ya yi alkawarin sauya maka murya cikin mako guda, kama gabanka.

Akwai kuma inda malamin lafazi ba shi da hurumi. In'ina, ɗaurewar harshe, ƙarancin ji, ko maganar da ta rikice bayan shanyewar ɓarin jiki, aikin ƙwararren mai gyaran magana ne na asibiti. Sarki George na 6 na Ingila, tun kafin ya hau mulki, ya fara zuwa wurin mai gyaran magana Lionel Logue a 1926 saboda in'ina, kuma shekaru suka yi suna aiki tare. Yaron da maganarsa ta yi jinkiri, a fara da gwada jinsa.

Su kuwa 'yan robobin da ake sayarwa a cije a yi magana, ban ga dalilin sayensu ba. Suna tilasta wa harshe ƙoƙari na ɗan lokaci, amma ba sa koya masa inda zai sauka, kuma cizon yana gajiyar da muƙamuƙi. Minti 5 kullum kana maimaita "ƙato", "ƙoto" da "kwaɗo" a hankali, kana ɗauka kana saurare, ya fi su aiki.