Fim ɗin mutum-mutumi: wanne ya cancanci kuɗinka da datarka a Kano?

Idan ka miƙa wa mai tura finafinai wayarka ko filashinka, a Farm Centre ne ko a shagon unguwa, ka ce masa "a zuba min na mutum-mutumi", abin da ya fi kusa da hannunsa zai zuba maka. Mutane na jiran layi a bayanka, ba shi da lokacin tambayarka da wa za ka kalla. Sai ka isa gida ka tarar wani ɓarin wuta ne zalla babu labari, wani surutu ne tun daga farko har ƙarshe, wani kuma ba ya kalluwa a falo gaban yara. Gara ka tafi da sunayen a bakinka.

Kusan duk finafinan nan tambaya ɗaya suke zagayawa: idan na'ura ta iya tunani, wa ke ba ta umarni, kuma wa zai ɗauki laifi ranar da ta yi ɓarna? A da, wannan zancen na cikin fim ne kawai. Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, ɗalibi a BUK yana tambayar ƙirƙirarriyar basira aikin makaranta, kuma muna ganin bidiyon da aka haɗa muryar mutum da maganar da bai taɓa yi ba yana yawo a WhatsApp. Don haka ni a wurina fim ɗin da ya cancanci saye shi ne wanda ya ɗauki tambayar da gaske, ya kuma ba ka faɗan da ka biya kuɗi dominsa.

Wanda zai sayi guda ɗaya tak, ya sayi I, Robot na 2004. Will Smith ne jarumin, ɗan sanda a birnin Chicago a shekarar 2035, lokacin da mutum-mutumi ya zama ɗan aike a kowane gida. An gina labarin a kan dokoki uku da marubuci Isaac Asimov ya tsara wa na'urorin cikin labaransa: kada ta cutar da mutum ko ta zura ido a cutar da shi, ta bi umarnin mutum muddin bai saɓa wa ta farko ba, sannan ta kare kanta muddin hakan bai saɓa wa biyun farko ba. Da jin su, ka ce an toshe kowace ƙofa. Fim ɗin kuwa yana nuna maka cewa na'urar da ke bin doka sau da ƙafa tana iya kai wa ga matsayar da babu mai hankalin da zai yarda da ita, wato ta tsare mutane a gida da ƙarfin tsiya da sunan kare su daga sharrin kansu.

Abin da ya fi tsaya min a rai a cikinsa shi ne dalilin da ya sa ɗan sandan ya tsani na'urorin. Hatsarin mota ya jefa shi cikin ruwa tare da wata yarinya 'yar shekara 12 da ke wata motar. Mutum-mutumin da ya zo ceto ya yi lissafi, ya ga damar tsirarsa kashi 45 ce cikin ɗari, ta yarinyar kuma 11, sai ya ciro babban ya bar ƙaramar. Lissafin bai yi kuskure ba. Amma duk uban da ya kalli wurin nan ya san wa zai fara cirowa. Wannan guntun labarin kaɗai ya isa a yi ta muhawara a majalisa har a kira sallar isha'i. Tsawonsa bai cika awa biyu ba, Turancinsa ba mai tsauri ba ne, kuma an ba shi alamar PG-13, wato ya fi dacewa da 'yan shekara 13 zuwa sama. Akwai ɗan gajeren wurin wanka da za ka so ka tsallake idan da iyali ake kallo.

Idan kuwa faɗan ne a gabanka, babu wanda ya kamo ƙafar Terminator 2 na 1991 har yau. James Cameron ne ya ba da umarni, Arnold Schwarzenegger, wanda 'yan kallo a nan suka fi kira Kwamando, shi ne na'urar da aka aiko daga shekarar 2029 don ta kare yaro John Connor. Bos ɗin wata na'ura ce ta narkakken ƙarfe, a harbe ta ramin ya rufe, ta rikiɗe ta koma siffar duk wanda ta taɓa. Fim ɗin ya lashe kyautar Oscar huɗu, kuma dalilin da ya sa bai tsufa ba shi ne yawancin karon motoci da fashe-fashen da gaske aka yi su, kwamfuta ta taimaka ne a inda babu makawa. A ƙarƙashin ɓarin wutar akwai labarin Skynet, kwamfutar da aka miƙa wa ragamar makaman nukiliyar Amurka don a cire kuskuren ɗan Adam daga lissafi, da aka zo kashe ta sai ta juyo da makaman kan duniya. Yanzu da jirage marasa matuƙi suka zama kayan yaƙi na yau da kullum, wannan ɓangaren ya fi ba da tsoro fiye da lokacin da aka yi shi. Alamarsa R ce, ta manya, saboda kisa da ashariya. Na farkon, wanda ya fito a 1984, yana da kyau amma akwai wurin kwanciya a cikinsa, kuma ba dole sai ka kalle shi za ka fahimci na biyu ba. Sauran huɗun da suka biyo baya daga 2003 zuwa 2019 ba su kai a cika memori da su ba.

Sai na Indiya, wanda a garin nan ba a cika buƙatar gabatar da shi ba. Enthiran na 2010, da aka fi sani da Robot, fim ne na harshen Tamil da Shankar ya ba da umarni, Rajinikanth ya fito a matsayin masanin kimiyya da kuma na'urar da ya ƙera mai suna Chitti, tare da Aishwarya Rai. Ana yawan ɗaukarsa fim ɗin nishaɗi kawai, ni kuma ina ganin an rage masa daraja. Masanin ya ga na'urarsa tana aiki ba tare da sanin ya kamata ba, sai ya sa mata zuciya. Da ta samu zuciya sai ta kamu da son budurwar ubangidanta, daga nan kishi ya shigo, sannan wani abokin hamayya ya ɗauke ta daga bola ya sa mata abin da ya mayar da ita makashiya. Ke nan ɓarnar daga hannun mutane biyu ta fito, wanda ya ƙera ya jefar, da kuma wanda ya tsinta ya lalata. Faɗan ƙarshe, inda ɗaruruwan na'urori ke haɗuwa su zama ƙwallo, su zama maciji, su zama ƙato, yana ɗaukar hankalin yaro da babba. Sai dai ka sani yana kusan awa uku, kuma shigar da ke cikin waƙoƙinsa ba kowane gida ne zai lamunta ba. Ci gabansa, 2.0 na 2018, inda Akshay Kumar ne bos kuma wayoyin mutane ke fizgewa daga hannu su tashi sama, ya fi kashe kuɗi amma labarin bai kai na farko riƙe mutum ba. Zancen da ke cikinsa cewa turakun sadarwa ke kashe tsuntsaye kuma, a bar shi a matsayin labarin fim.

A nan ne maganar fassara ke shigowa. Ga gidan da ba a jin Turanci, kwafin da aka ɗora wa muryar Hausa shi ne mafita, kuma masu wannan sana'a a Kano sun fi ƙwarewa a finafinan Indiya. Amma fim ɗin da ƙarfinsa ke cikin muhawara yana rasa abu da yawa idan mai fassara ya cika shi da barkwanci. Ka sa a kunna maka tsakiyar fim ɗin, wurin da ake hira ba wurin faɗa ba, ka saurara na minti biyu. Idan maganar tana tafiya da abin da fuskokin ke nunawa, ka karɓa.

The Matrix na 1999 shi ma ya ci Oscar huɗu, kuma salon faɗansa na kauce wa harsashi ya canja yadda ake shirya finafinan faɗa. Labarin duniyar da na'urori suka ci mutane da yaƙi, suka kwantar da su cikin mafarki suna tatsar ƙarfin jikinsu, yana buƙatar mai natsuwa da jin Turanci, ko aƙalla rubutun fassara a ƙasa. Na kallon mutum shi kaɗai ne ko da abokai. Ka tsaya a na farko.

Akwai biyu da nake so amma nake saka musu sharaɗi. Chappie na 2015 a Johannesburg aka yi shi, kuma ganin titunan Afirka a irin wannan fim yana da daɗi. Mutum-mutumin 'yan sanda ne aka sa wa basirar da ke fara koyo daga tushe irin na jariri, sai ya faɗa hannun 'yan daba suka koya masa ƙwace da zagi, alhali wanda ya ƙera shi yana ƙoƙarin koya masa zane da karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma fim ɗin gaba ɗaya a kan tarbiyya yake. Abin takaici, ashariyar da ke cikinsa ta hana a kalle shi da yaran da suka fi buƙatar darasin. The Creator na 2023, wanda Gareth Edwards ya shirya, John David Washington ya ja, ya juya labarin ne. Bayan bam ɗin nukiliya ya tashi a Los Angeles, Amurka ta shelanta yaƙi da ƙirƙirarriyar basira, ta bi ta har ƙauyukan Asiya inda mutane da na'urori ke zaman lafiya tare, kuma makamin da aka tura soja ya lalata sai ya zama yarinya ce ƙarama. Hotunansa sun fi na duk waɗanda na ambata kyau, ɓarnatar da shi ne a kalle shi a ƙaramar waya. Inda muka rabu da shi shi ne yadda yake so ka tausaya wa na'ura har ka manta da tambayar wa ke da ita. Akwai kuma wuraren da ake nuna na'urori cikin shigar masu bautar addinin Buda, don haka ka shirya amsa tambayar yaro.

RoboCop na 1987 jininsa ya yi yawa. Ex Machina da Blade Runner 2049 suna da zurfin tunani, amma faɗansu kaɗan ne kuma akwai tsiraici ƙarara a cikinsu. Transformers kuwa halittu ne daga wata duniya, ba mutum ya ƙera su ba, don haka ba su cikin wannan lissafin ko da mai shago ya haɗa maka da su.

Yara 'yan firamare suna da nasu. WALL-E na 2008 kusan babu magana a farkonsa, saboda haka rashin Turanci ba ya hana fahimta. Labarin ƙaramin mutum-mutumi ne da aka bari yana kwashe shara bayan mutane sun cika duniya da bola sun gudu sararin samaniya, kuma yaron da ya saba ganin kwatar unguwa cike da leda zai gane saƙon ba sai an yi masa bayani ba. The Wild Robot na 2024 shi ma ba shi da abin kunya. Ga matasa masu son dambe akwai Real Steel na 2011, inda na'urori ke damben a madadin mutane, uba da ɗansa kuma suna gyara tsakaninsu.

Sauran magana ita ce ta inda za ka same su. Zamanin zuwa Ƙofar Wambai a zaɓi faifai ya ja baya, sinima kuma ba ta cikin lissafi tunda yawancin waɗannan sun daɗe da sauka. Manhajojin biyan kuɗi irin su Netflix su ne hanyar da haƙƙin masu fim ke isa gare su, hoto da sauti kuma ba su da aibu, amma jerin finafinansu yana canjawa, don haka ka bincika sunan kafin ka biya. Suna kuma cin data: hoto mai matsakaicin kyau yana iya kai gigabait ɗaya a awa, mai ƙyalli sosai har uku. Ka rage ingancin hoton a saiti idan a waya za ka kalla, ka kuma sauke shi da datar dare. Mai farantin satalayit a gida yana da wata dama da ake mantawa da ita, wato tashoshin MBC 2 da MBC Action, waɗanda ke nuna finafinan Amurka kyauta da rubutun Larabci a ƙasa, kuma suna yanke wuraren da ba su dace ba. Matsalarsu ita ce ba kai ke zaɓar fim ko lokaci ba.

Idan wurin mai turawa ka nufa, ka ƙi karɓar kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima, ana gane shi da duhun hoto da amsa-kuwwar sauti, kuma sababbin finafinai ne suka fi zuwa a haka. Hoto mai lamba 720 ya wadatar da waya, fim ɗaya yakan ci kusan gigabait ɗaya. Talabijin babba kuma tana son 1080, wanda yakan ninka haka. Ka kula da memori mai arha fiye da kima, domin na jabu yana nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi finafinai goma sannan rabi su ƙi buɗewa. Kafin ka bar shagon, ka buɗe kowane fim ka ja shi zuwa kusa da ƙarshe, ka tabbatar murya tana tafiya daidai da baki.