Garin auranofin na ɗakin gwaji: ya biya, amma ba don DNA ba

Auranofin sinadarin zinariya ne da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 1985 don ciwon sanyin gaɓoɓi. Yanzu masu binciken cutar kansa na sayen garinsa don gwaji a kan ƙwayoyin halitta.

Fari ne, kuma ruwa ba ya narkar da shi sosai, sai DMSO, wani ruwan sinadari da ake narkar da magunguna a cikinsa. Miligiram 6.8 cikin mililita ɗaya na DMSO na ba da haɗi mai ƙarfin milimola 10 a kowace lita (10 mM). A raba shi ƙananan kwalabe, a ajiye a -20°C, kada DMSO ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari a ruwan ƙwayoyin.

Inda ake tafka kuskure shi ne bafa (buffer), wato ruwan da ke daidaita tsami a wurin gwaji. Zinariya mayyar salfa ce: in akwai DTT ko glutathione, sinadarai masu ɗauke da salfa, nan take za su cafke ta, sakamako ya lalace. Albumin, furotin ɗin da ke cikin siram (ruwan jini da ake ciyar da ƙwayoyin da shi), ma haka yake yi, shi ya sa ƙarfin maganin ke raguwa idan siram ya yi yawa.

Wanda ya saye shi yana zaton zai manne wa DNA kamar maganin cutar kansa cisplatin zai sha mamaki, domin riƙon da yake mata bai taka kara ya karya ba. Abin da yake hari shi ne enzayim ɗin thioredoxin reductase, wani furotin da ke kare ƙwayar halitta daga lahanin iskar oksijin, a nan kam ba ya wasa. Mai son gwajin DNA gara ya nemi sinadaran zinariya(III), wato wani rukunin sinadaran zinariya daban da na auranofin, amma ya sa ido: da ruwan ya koma shunayya, zinariyar ta rikiɗe ƙarfe ke nan, sai zubarwa.