Saƙona daga Maiduguri: kwalabe sun iso lafiya, turaren wuta ya kwashi ƙarnin kifi

Tsakani da Allah matar da nake sayen kayan ƙamshi a wajenta a Maiduguri ta iya ɗaurin kaya, wannan kam ba zan tauye mata haƙƙinta ba. Humra da turaren wuta na sa ta haɗa min na bikin ƙanwata, kuma kowa ya san hanyar nan ba wasa ba ce, a bi Damaturu a bi Potiskum a ɓullo Kano kafin a gangaro Zariya a shigo Kaduna, sama da kilomita 700, ga ramuka ga zafin Afrilu da a can yake haura digiri 40. Amma wallahi ko kwalba ɗaya ba ta tsage ba. Ba ta cika humrar har wuya ba, ta bar ɗan fili, don in zafi ya bugi mai tasowa yake ya nemi hanya ta murfi, sannan ta ɗora 'yar leda a bakin kowace kwalba kafin ta murɗa murfin ta bi da salatif, kowace ta naɗe ta da jarida daban ta raba tsakaninsu da guntayen kwali yadda wata ba za ta gogi wata ba. Ko jijjiga kwalin kika yi ba ki jin motsin komai.

Su ma masu ɗauko kayan da farko har na fara sa musu albarka, sun kira ni a kan lokaci, yaron ofishin da ladabinsa ya kai min kwalin har cikin Keke Napep. Ina jin ɗan ƙarni a hanya na ɗauka na tasha ne.

Sai da na isa gida Unguwar Rimi na juya kwalin na ga gefe guda ya yi sharkaf da maiƙo. Ashe a jikin kwalayen kifi banda suka jingina min shi tun daga can. Haba jama'a! Kayan amarya fa! Turaren wuta itace ne da aka dafa da sukari da turaruka, jan wari yake kamar soso, duk abin da ya kwana kusa da shi a cikin but ɗin mota mai zafi sai ya kwasa. Wanda ke cikin roba mai murfi bai yi komai ba, amma na cikin leda, wanda kuma shi ya fi yawa, ina zuba shi a kasko hayaƙin na tashi sai ga ƙarnin banda ya cika ɗaki, Mama daga tsakar gida take tambaya wa ke miyar kifi. Ni dai hawaye ne kawai ban yi ba.

Na koma wajensu da kwalin, manajan ya duba ya ce "Hajiya ai kayanki bai fashe ba, mu fashewa da ɓata muka sani." To ƙarin kuɗin da kuka karɓa da aka ce muku kayan ƙamshi ne na mene ne? Ga rubutu ɓaro-ɓaro da alƙalamin maka a saman kwali, turare ne a raba shi da abinci. Wanda ya yi lodi bai duba ba, ko ya duba bai damu ba, shi dai mota ta cika a ɗaure igiya. Ko haƙuri na kirki ban samu ba balle a yi maganar rage min wani abu.

Kuma da na zauna na yi tunani ita ma mai kayan da ɗan laifinta, duk wannan ƙoƙari da ta yi wa kwalabe amma turaren leda ɗaya tak ta sa masa, ba ta kuma lulluɓe kwalin da babbar leda ta waje ba, alhali ta fi ni sanin motocin garinsu ba sa rabuwa da kifin Baga. Na gaya mata, ita kam ta ba ni haƙuri ta ce nan gaba a roba za ta riƙa zubawa, don haka zan sake saye a wajenta in sha Allah.

Turaren na shanya shi a inuwa na ƙara fesa masa turare, ƙarnin ya ragu amma ba zan iya kai wa amarya shi ɗakin miji ba, dole na shiga kasuwar Gumi na sayo wani da tsada. Kamfanin nan kuwa ko tsinke ba za su sake ɗauko min ba.