Coimbra ko Salamanca: wacce za ka kai Baba?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa saboda ba ta amsar layi biyu ba ce. Ka ce tafiyarku za ta fara daga Lisbon ta ƙare a Madrid, kwana ɗaya tak ya rage muku a tsakani, kuma Baba, wanda ya ƙare aikinsa yana koyarwa, yana son ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in Turai da idonsa. Abin da ya tsaya maka shi ne gwiwarsa, don an gaya maka jami'ar Coimbra da ke Fotugal a ƙololuwar tudu take, ita kuwa ta Salamanca da ke Sifaniya ba wani hawa. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Na taka duka biyun, kuma duk da haka Coimbra zan ce ka kai shi. Ga dalili, ga kuma inda Salamanca ta fi ta, don kada in rufe ka.

Ta fuskar shekaru Salamanca ce yaya. Sarki Alfonso na tara na León ya kafa ta a 1218, ita ce mafi tsufa cikin jami'o'in Sifaniya da ke aiki har yau. Ta Fotugal kuwa Sarki Dinis ne ya kafa ta a 1290, kuma ba a Coimbra aka haife ta ba, a Lisbon ne. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin garuruwan biyu har 1537, lokacin da Sarki João na uku ya zaunar da ita a Coimbra gaba ɗaya, aka ba ta fadar sarki da ke saman tudu ta zama mazauninta. Wannan shi ne asalin bambancinsu. Salamanca makaranta ce da aka gina a tsakiyar gari, ta cakuɗe da unguwa da coci-coci da shaguna. Coimbra fada ce da aka mayar makaranta, tana sama, gari na ƙasanta, kogin Mondego na gindinsu duka.

A Salamanca, mafi yawan abin kallo daga waje yake, kuma kyauta ne. Ka taso daga babban dandalin gari, Plaza Mayor, ka bi titi a hankali, cikin minti goma kana wani ɗan fili da ake kira Patio de Escuelas, ga fuskar ginin jami'a a gabanka. An sassaƙa ta a farkon ƙarni na 16 da dutsen yankin mai ruwan zuma, wanda idan rana ta yi sanyi da la'asar sai ya koma kamar an shafa masa zinare. Sassaƙar ta yi laushi kamar aikin maƙerin azurfa, shi ya sa ma aka yi wa salon suna daga sunan maƙeran azurfa. Za ka tarar da mutane cirko-cirko sun ɗaga kai suna nuni da yatsa. Wani ɗan ƙaramin kwaɗo suke nema da aka sassaƙa a kan ƙoƙon kan mutum, ɗalibai na camfin cewa wanda ya gano shi da kansa zai ci jarrabawa. Ni abin da ya fi riƙe ni shi ne jan rubutun da ke jikin bangwaye, wanda suke kira vítor. A da, duk wanda ya kammala digirin digirgir sai a rubuta sunansa da jan fenti a bango. Wasu sun koɗe har da ƙyar ake karanta su, amma suna nan.

Idan ka yanki tikiti ka shiga, akwai ajin da na san zai taɓa zuciyar Baba. Ajin Fray Luis de León ne, malamin da kotun coci mai binciken aƙida ta ɗaure daga 1572 zuwa 1576, kuma cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da fassara wani sashe na Baibul zuwa Sifaniyanci. Ana ba da labarin cewa ranar da ya dawo aji bayan kusan shekara biyar, sai ya buɗe darasi da cewa "kamar yadda muke faɗa jiya". Bencinan ajin na nan yadda suke, gungumen katako ne siriri ba wurin jingina, ɗalibai sun kankare sunayensu a jiki. Duk wanda ya taɓa riƙe alli zai tsaya a ɗakin nan ya yi shiru. A wannan jami'a kuma Antonio de Nebrija ya koyar, wanda ya fitar da nahawun Sifaniyanci na farko a 1492. Sai dai tsohon ɗakin karatunta, wanda ke hawa na sama, ba a shiga. Daga bakin ƙofa ake leƙawa ta bayan gilashi, ka hangi kantoci da taswirorin duniya masu siffar ƙwallo, ka juya. Nan ne na ji kamar an nuna mini tuwo an hana ni miya.

Ita Coimbra dukiyarta a ciki take, kuma da tikiti da agogo ake ganinta. Da ka shige Porta Férrea, ƙofar da aka gina a 1634, sai ka faɗa wata makekiyar farfajiya da gine-gine suka kewaye ta gefe uku, gefe na huɗu a buɗe yake, yana kallon kogi. A ƙuryar hagu ɗakin karatu na Joanina yake, wanda aka gina tsakanin 1717 da 1728 a zamanin Sarki João na biyar, lokacin da zinaren Brazil ke kwarara cikin Fotugal. Daga waje ba za ka ce komai ba. Ana shigar da mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da lokacinsa da ke rubuce a tikiti, kuma ta ƙasa ake farawa. Abin da ke ƙasan kurkuku ne. Jami'ar na da kotunta da dokarta a da, ɗalibin da ya yi laifi a nan ake tsare shi, ɗakuna ƙanana masu duhu, ga littattafai a samansa. Daga nan a hau bene na tsakiya, a jira, sannan a buɗe muku ƙofar sama.

Na ga hotunan wurin kafin in je, amma hoto bai faɗi rabinsa ba. Ɗakuna uku ne a jere, baka na haɗa kowane da na gabansa, kantoci tun daga ƙasa har rufi, an yi musu fenti kore da ja da baƙi an bi da ruwan zinare, hoton sarkin da ya gina na can ƙarshe yana fuskantarka. Abin da ya fara dukana ƙamshi ne, na tsohuwar fata da takarda da katako. Littattafan da ke ginin sun kai wajen 60,000, yawancinsu na ƙarni na 16 zuwa na 18, kuma ba ado ba ne, mai bincike na iya neman izini a ɗauko masa. Kaurin bangon ya haura mita biyu, don zafi da laima kada su sauya a ciki. Kantocin na itacen oak ne, wanda ƙwari ba sa son warinsa. Sannan akwai jemagu. Wasu ƙananan jemagu na zaune a bayan kantocin, da dare su fito su cinye ƙwarin da ke cin takarda, shi ya sa kowace yamma ma'aikata ke rufe manyan teburan da fata saboda kashinsu, da safe a yaye a share. Minti goma ko makamancin haka za ku yi a ɗakin nan, ba a ɗaukar hoto, kuma na gode da hakan, don kowa idonsa ya yi amfani da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin littafi, a nan zai tsaya tsakiyarsu, ba ta bayan gilashi ba. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Tikitin kan haɗa da ƙaramin cocin São Miguel mai bango lulluɓe da tayil, da babban zauren Sala dos Capelos, inda a da sarki ke zaman fada, yanzu kuma a nan ake kare digirin digirgir, hotunan sarakunan Fotugal na jere a sama suna kallon ɗalibi. Idan ana wani taro a ranar, ta yiwu ku same shi a rufe. Hasumiyar agogo kuwa, mai tsawon mita 34, wadda ɗalibai suka laƙaba wa ƙararrawarta suna "akuya", kada ma ka kawo wa Baba zancen hawanta. Matakalarta kusan 180 ce, matsattsiya, tana murɗawa. Abin da za a gani daga can, ana ganin mafi yawansa daga bakin farfajiya.

Akwai wani abu da zai yi wa Baba daɗi wanda masu yi wa baƙi jagora kan wuce da sauri. Tudun nan Musulmin Andalus sun riƙe shi. Sun mulki garin, ya fita hannunsu, jagoransu Almansur ya sake ƙwace shi a 987, sai a 1064 Sarki Fernando na León ya karɓe shi. Fadar da jami'a ke ciki a kan harsashin ganuwarsu take, kuma tsohon sunanta Alcáçova daga "alƙasaba" ta Larabci ya fito. Ƙofar da ake bi a shiga tsohon gari daga ƙasa har yau sunanta Almedina, wato "almadina". Wanda ya yi karatun allo da na littattafai kunnensa zai kama waɗannan kafin a fassara masa. Kuma ɗan Afirka ba baƙo ba ne a wurin: Agostinho Neto, shugaban Angola na farko, a Coimbra ya fara karatun likita kafin ya koma Lisbon.

Yanzu maganar gwiwa. Kuskuren da baƙi ke yi shi ne su fara daga ƙasa. Hanyar da ta tashi daga ƙofar Almedina matakala ce ta dutse mai suna Quebra-Costas, ma'ana "karya baya", kuma sunan bai zalunce ta ba. Ta ɗaya gefen akwai wata mai taki 125. Baba ba shi da haɗi da ko ɗaya. Jirgin ƙasa daga Lisbon yakan ɗauki wajen awa biyu ya sauke ku a tashar Coimbra-B, wadda ke ɗan wajen gari. Daga nan ka ɗauki tasi, ka ce a kai ku Porta Férrea. Mota na isa har kusa da bakin ƙofar, saman tudun kuma shimfiɗe yake. Hawan da ya rage shi ne na cikin ɗakin karatu da na zaure, bene biyu ne ba dogaye ba, amma ka rubuta wa ofishin tikiti tun kafin ranar ka gaya musu akwai dattijo mai ciwon ƙafa, ka ji abin da za su iya yi muku. Akwai kuma lif na jama'a kusa da kasuwar gari da ke rage hawan, sai dai ga Baba tasi ta fi. Saukowa ma da mota, domin gangara ta fi hawa cin gwiwa, ga daɓen duwatsun na santsi idan an yi ruwa. Kai da ƙafarka ke da lafiya, ka zaunar da shi ya sha shayi, ka gangara ka ga tsohon cocin Sé Velha da lungunan da gidajen ɗalibai suke, ka dawo.

Kada kuma ka ɗauka Salamanca hutu ce zalla. Ba tudu mai tsanani, gaskiya ne, amma tafiyar ƙafa ce mai tsawo a kan dutse, tsakiyar garin yawanci ba a shiga da mota, kuma garin na kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsayin kusan mita 800 daga matakin teku, sanyinsa na hunturu na shiga ƙashi. A Coimbra duk abin da kuka zo gani yana cikin farfajiya ɗaya, awa uku sun wadatar. A Salamanca abin a warwatse yake, daɗinsa kuma sai an yi yawo, musamman da dare idan an kunna fitilun Plaza Mayor. Da ku biyu matasa ne masu kwana biyu a hannu, da sai in yi jinkiri kafin in zaɓa. Haɗa su a rana ɗaya kuwa kada ka fara: tsakaninsu ya haura awa uku a mota, kuma da kun tsallaka iyaka agogon Sifaniya ya riga na Fotugal da awa ɗaya.

Wani zai ce maka saman tudun Coimbra ba duka ne ke da kyau ba, kuma ya yi gaskiya. A shekarun 1940 gwamnatin Salazar, mai mulkin Fotugal a lokacin, wanda shi kansa ya koyar a jami'ar, ta rushe babban yanki na tsohuwar unguwar ta kafa wasu manyan gine-gine masu faɗin fuska marasa fara'a. Su za ku fara gani kafin ku kai ƙofa, kada su sare maka gwiwa. Salamanca ba a yi mata wannan ɓarnar a kewayen jami'arta ba, shi ya sa ta fi kyau a matsayin gari. UNESCO ta sa tsohon garin Salamanca cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, jami'ar Coimbra kuwa sai 2013.

Ka kula da abinci a duka biyun. Salamanca ƙasar naman alade ce, burodin nan nasu hornazo cike yake da shi. A yankin Coimbra ana alfahari da gasasshen ɗan alade, sannan akwai chanfana, wanda za a ce maka naman akuya ne, amma a cikin jar giya ake dafa shi. Kifi ya fi kwanciyar hankali, shi ma ka tambaya da me aka haɗa.

Game da lokaci, idan tafiyarku ta faɗo a watan Mayu, ka duba ranakun Queima das Fitas, bikin ɗalibai na ƙarshen shekarar karatu. Za ku ga baƙaƙen alkyabbunsu ko'ina, amma garin na cika da hayaniya da shaye-shaye na kusan mako guda, ba yanayin da dattijo zai sake ba ne. A sauran ranakun karatu ma za ku ci karo da masu alkyabbar jefi-jefi a farfajiya. Tikitin Joanina kuwa ka saye shi ta intanet tun kuna Lisbon, ka zaɓi lokacin da ya ba ku tazarar awa guda bayan isowar jirgi, domin idan lokacin rukuninku ya wuce ba lallai a samu gurbi a na gaba ba. Ku isa bakin ƙofar da minti goma a hannu, ka riƙe wa Baba ruwa da hula, farfajiyar ba ta da inuwa.