Roland TR-8S a situdiyo: na'urar ganga da ke son hannu

Wanda sautin 808 (tsohuwar na'urar ganga ta kamfanin Roland, TR-808) kawai yake nema, kada ya ɓata kuɗinsa a kan TR-8S, manhajar kwamfuta za ta ba shi wannan da araha. Abin da ake saye a wannan na'ura da Roland ya fitar a 2018 shi ne fuskarta: ganguna 11, kowace da fedarta (abin da ake turawa sama ko ƙasa don ƙarfin sauti) da mamurɗai uku, ɗaya na tsinin sauti, ɗaya na tsawonsa, na uku kuma kai ne za ka ba shi aiki. A ƙasa akwai madannai 16 na taku. Ka zaɓi babbar ganga, ka danna 1, 5, 9 da 13, kiɗan rawa ya tashi ke nan. Kana iya janye feda ɗaya, ka murɗa wani abu da ɗaya hannun, duk a lokaci guda, abin da linzamin kwamfuta ba zai yi maka ba.

Ainihin sautinta ba naɗaɗɗen sauti ba ne. Na'urar tana kwaikwayon yadda lantarki ke gudu a cikin TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983 da 'yan uwansu 606, 707 da 727, shi ya sa idan ka ja tsawon babbar ganga ta 808 sai ta buɗe da nauyi mai girgiza sifika. Ta 909 kuwa ta fi ratsa cunkoson kiɗa. Ana ajiye zubi 128 (zubi shi ne jerin bugun da aka tsara a kan taku), kowane da sauyi takwas daga A zuwa H.

Wurin da aka fi shan wuya shi ne haɗa ta da kwamfuta. Dole ɗaya ya zama jagoran lokaci, ɗaya ya bi. Idan manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Ableton ce jagora, a kunna aika agogon MIDI (saƙon da ke daidaita gudun na'urori) a manhajar, a sa na'urar ta karɓa ta USB ko ta kebul ɗin MIDI. Ko an yi haka daidai, sau da yawa gangar kan ɗan makara, domin sautin sai ya shiga katin sauti ya fito kafin kunne ya ji. Maganin: ka ɗauki babbar ganga ita kaɗai na ɗan lokaci, ka duba nisan da ke tsakanin bugun da layin manhajar, ka cike giɓin a saitin jinkirin agogo. Idan ka canza girman bafa (saitin da ke ƙayyade jinkirin katin sauti), sai ka sake awo. In kuma ka ji kowane bugu yana fita sau biyu da wani irin kauri, manhajar ce ke mayar wa na'urar saƙon da ta aiko, a kashe wannan hanyar. Tsiwa siririya a sifika kuma yawanci daga USB take, musamman idan laftof na kan caji. A zare cajar a saurara, idan ta ɗauke an gano mai laifi.

A baya akwai mafita shida ban da manyan biyun. Tura babbar ganga ta ɗaya, siniya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti) ta biyu, kowace ta samu layinta a mikisa. Sai dai gangar da aka fitar ta wannan hanya ta bar babbar mafita, kuma adon sauti na gaba ɗaya ba zai taɓa ta ba. Mutane da yawa kan ɗauka lalacewa ce.

Tana karɓar sautinka na WAV ko AIFF ta katin SD, jimilla kusan daƙiƙa 600. Bugu ɗaya-ɗaya take so. Dogon kiɗa da aka yanko ba ya bin saurin na'urar, da ka canza gudu sai ya goce. Mai son saka kalangu ya ɗauki bugu mai tsabta, ya ɗora a layukan tom (gangunan da ke da tsini daban-daban) guda uku, ya bambanta tsininsu, sannan ya naɗi motsin mamurɗin a kan taku. Za a samu hawa da sauka, amma lanƙwasar nan da matse tsirkiya ke bayarwa a tsakiyar bugu ba za ta fito yadda makaɗi ke fitar da ita ba. Don kiɗa mai tafiyar uku-uku, a tsayar da takun ƙarshe a 12 kuma a canza ma'aunin zubin zuwa na uku-uku. Idan aka yi na farkon aka manta na biyun, zubin zai riƙa juyawa kafin manhajar ta cika nata zagayen.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne ajiya. Zubi daban, saitin ganguna daban, kuma kowane sai an danna WRITE. Ba ta da batir, da an ɗauke wuta duk abin da ba a ajiye ba ya tafi. A inda wuta ba ta da tabbas, a jona ta a inbata ko UPS tun kafin a fara aiki. Allonta ma ƙarami ne, layi biyu kacal, gyaran sauti mai zurfi yana cin lokaci. Manhajar TR-EDITOR tana rage wannan wahala. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle bayan aiki, ƙura na shiga ramukan feda 11 ɗin nan ta sa su fara tsalle.